Ruwan Fetur da Idon Baba

Ko na tsufa na ruɗe, ban yi tsammanin ranar da na ɗauko Baba daga asibitin ido za ta fita daga kaina ba. Waɗanda muka yi abin tare kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na ji warin fetur da safiyar damina sai gabana ya faɗi.

Abin ya faru ne tun Turawa suna nan, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. A lokacin ina tuƙa wa wani attajirin yadi na Kantin Kwari kitika, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, muna zaune a Fagge da iyayena. Ni mutum ne mai yawan zullumi, haka Allah ya yi ni. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon. In na ɗaure kaya sai na kwance na sake ɗaurewa. Direbobi suka laƙaba mini suna Sai-na-duba, domin ba na tayar da mota sai na zagaya ta na dudduba.

Baba maɗinkin hula ne, har yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu ya ajiye allura. 'Yata ta fari bayan makancewarsa aka haife ta, don haka da tafin hannu ya san fuskarta. Da ƙyar na shawo kansa ya yarda muka je asibitin ido na 'yan mishan a Sabon Gari, aka yi masa aiki a ido ɗaya. Ya daɗe a kwance rigingine, an tokare masa kai da jakunkunan yashi don kada ya motsa. Ana gobe za a sallame shi, ma'aikacin da ke yi wa likita tafinta ya ja ni gefe ya ce, "Ɗinkin da ke cikin idon nan ya fi saƙar gizo-gizo siranta. Kada ya sunkuya, salla ma a zaune zai yi ta. Abin da ya fi komai, kada a girgiza shi a hanya. In ɗinkin ya ɓalle, idon ya tafi ke nan."

Wannan magana da wani aka gaya wa, da ya ce to ya wuce. Ni kuwa ita ta zama abincina. Na roƙi maigidana aron mota ya ba ni. Na wanke filogi, na rage wa tayoyi iska don su yi laushi, na cika kujerar gaba da matasai. Da yamma na taka da ƙafa tun daga ƙofar asibiti har ƙofar gidanmu, ina haddace duk wani rami da tudu da ke kan hanya. Man da ke cikin tanki ya isa a je Fagge a dawo, a kuma sake komawa. Amma zuciyata ta dinga ce mini, in ya ƙare fa? In allurar mai ƙarya take yi fa?

Aka kwana ana sheƙa ruwa. Ina idar da sallar asuba na nufi wani gidan mai da ke kusa da asibitin, na tsaya ina jiran a buɗe. Mai sayar da man wani Kirista ne mutumin ƙasar Zazzau, dogo mai fara'a, kowa Mai Famfo yake kiransa. Ya iso a kan kekensa yana kakkaɓe ruwa daga hularsa, ya gan ni ya yi dariya.

"Sai-na-duba, a nan ka kwana?"

Na ce, "Cika mini tanki."

"Ikko za ka?"

"Fagge."

Ya riƙe ciki yana dariya. Na kwashe labarin Baba duka na gaya masa, har da maganar ɗinki. Sai ya daina dariyar ya ce, "Allah ya ba Baba lafiya," ya kama hannun famfo yana bugawa. Famfon zamanin yana da kwalabe biyu a sama, mai ya cika ɗaya ya zube a mota, ɗayar tana cika. Gari bai gama wayewa ba, ga hadari ya rufe sama, ni kuma hankalina yana kan zanen awon galan da ke jikin kwalaben, ban ga komai ba. Ashe ruwan kwata ya yi ambaliya ya bi ta murfin babban tankin da ke binne a ƙasa. Ruwa ya fi fetur nauyi, can ƙasa yake kwanciya, famfo kuma daga ƙasa yake zuƙowa. Duk wanda ya riga kowa saye, shi zai kwashi ruwan. Ni ne na riga kowa.

Da hantsi aka sallame mu. Na zaunar da Baba a gaba tsakanin matasai, idonsa a naɗe da bandeji. Inna ta hau baya da kwanuka da tabarmar jinya. Mota ta tashi lafiya lau da ɗan man kirki da ya rage a kafireta, na fara tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Baba ya ce, "Kai ɗan nan, tafiya muke ko tsayuwa? Na ji wata akuya ta wuce mu."

Bai rufe baki ba injin ya yi tari. Mota ta fizga gaba, ta ja baya, ta sake fizga da ƙarfi, salansa ta yi ƙara kamar bindiga. Na ga kan Baba ya tafi zai bugi gilashi. Na sa hannun hagu na tare ƙirjinsa, na take kuloci, injin ya mutu. Inna tana ta salati daga baya.

"Baba, akwai zafi?"

Ya ɗora hannu a kan bandejin ya ce, "Kaɗan."

Kalmar nan ta kaɗan ta fi mini dukan sanda zafi. Na lura gefen bandejin ya jiƙe, ban sani ba ko hawaye ne ko wani abu. Na fito na buɗe gaban mota, na kwance 'yar kwalbar da ke tace mai na ɗaga ta sama. Fetur yana yawo a kai, sauran duk ruwa ne fari tas. Na zauna a bakin kwata da kwalbar a hannu. Ni da na auna kowane rami, ni na je da ƙafata na sayo abin da zai girgiza shi.

Ina nan zaune na ji ƙararrawar keke. Mai Famfo ne, yana haki, rigarsa sharkaf da gumi. Ya ce babbar motar da ta sha mai bayana a bakin gidan man ta mutu, da ya zura sandar awo sai ya ga ruwa. Nan take ya rufe famfo ya bazama asibiti, aka ce masa yanzu muka fita. Bai tsaya a kaina ba, ya zagaya wajen tagar Baba ya durƙusa a cikin taɓo.

"Baba, ni na zuba man nan. Wallahi ban sani ba. Ka yafe ni."

Baba ya miƙo hannu yana lalube har ya sami kansa, ya dafa. Ya ce, "Kai ka yi ruwan jiya? Tashi, yaro. Mu muka roƙa, aka ba mu, ya yi yawa har mota ta samu."

Mai Famfo ya ce zai tsiyaye tankin ya kawo mai mai kyau. Na tambaye shi ko zai iya rantsewa ba za ta sake fizga ba. Ya ce a'a, ko ɗigo ne ya maƙale a bututu sai ta yi tari kafin ta washe. Na ce to ba zan sake tayar da injin nan Baba yana ciki ba. Jaki ba zai yiwu ba, keke ma haka, neman wata mota kuwa sai a sake ɗaga Baba a sauke. Ya dubi hanya, ya dube ni, ya jingine kekensa a bayan mota kusa da Inna.

"Shiga ka riƙe sitiyari. Yau mu ne injin."

Ya tsallaka titi ya yi magana da wasu kafintoci Inyamurai da ke aiki a rumfa, da wani Bayarabe mai wanki da guga. Ban ji abin da ya gaya musu ba, na dai ga yana nuna idonsa. Suka ajiye aiki suka zo suka dafa motar. Na cire giya, muka fara tafiya shiru, ba ƙarar komai sai takun ƙafa a cikin laka. A nan ne yawon da na yi jiya ya yi rana. Ina leƙo kai ina cewa, "A hankali, akwai rami a dama! Ku tsaya, tudu ne!" In muka zo wuri mai wuya sai su riƙe motar ta gangara kaɗan-kaɗan. Ɗaya daga cikin kafintocin ya ce da Hausarsa, "Direba, wannan mota ba ya shan mai, tuwo yake ci."

A shekarun nan ba a daɗe da yin wata mummunar tarzoma tsakanin Fagge da Sabon Gari ba, kowa yana ɗari-ɗari da shiga unguwar wani. Da muka iso filin da ya raba unguwannin biyu, mutanenmu suka hango mu suka taho da gudu don su karɓa. Na ji masu turi sun sassauta, suna shirin juyawa. Baba ma ya ji, domin kunnensa ya fi na kowa. Ya ɗaga murya ba tare da ya motsa kai ba.

"Ina za ku? Wanda ya fara tura ni shi zai kai ni ƙofar gida. Ku mutanen Fagge ku matsa musu, akwai wuri."

Haka muka shiga lungunmu, hannaye sun cika bayan mota har wasu ba su sami inda za su dafa ba. Inna ta sauka ta dama fura a babbar ƙwarya, aka sha a zaure, Mai Famfo yana ta tsokanata wai gobe ma in yi sammako.

Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Kullum ina tambayar Baba ko akwai zafi, har ya ce in na sake tambaya zai yi atishawa da gangan. Ranar da aka sa mana muka koma asibiti. Likita ya kwance bandejin, ya haska, ya daɗe yana dubawa, ni kuwa ina jingine da bango ina jira. Sai ya ce ɗinkin yana nan daram. Aka ɗora wa Baba wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya ƙyafta, ya juyo a hankali ya tsura mini ido.

"Kai ne wannan? Yaushe ka yi furfura?"

Na ce, "Ranar ruwan mai, Baba." Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa.

Na ɗauka gida zai ce mu wuce don ya ga jikarsa. Ya ce a'a, ita tana nan ba inda za ta, a fara biyawa da shi gidan mai. Da muka tsaya ya sa aka kira Mai Famfo, ya kama fuskarsa da hannu biyu ya kalle shi sosai. Ya ce, "Na san muryar, na san kan, saura fuskar." Sannan ya auna kan da tafin hannunsa. Hular farko da Baba ya ɗinka bayan ya koma riƙe allura tasa ce. Ɗinkin ya ɗan karkace a wasu wurare, amma da ita mutumin nan yake zuwa coci ranar Lahadi.

Har na bar tuƙi ban sake sayen mai da sassafe bayan an kwana ana ruwa ba, sai na ga an zura sanda an auna. Zagaya mota kuwa ban daina ba, hali ne. Amma tun daga ranar na gane cewa zullumina ba shi ke tsare mutanena ba, wani lokaci ma shi ke jawo abin da nake gudu. Mutum ya yi iyakar shirinsa ya tsaya haka nan, ya bar wa Allah sauran. Ranar da shirina ya rushe gaba ɗaya, hannun mutanen da ban ko san sunansu ba ne ya kai Baba gida da idonsa.