Hannun Mai Unguwa

A aikin binciken lafiya da na yi rayuwata a cikinsa, akwai wata ƙa'ida da har gobe take ci mini rai. In za a gwada magani, sai a ba wasu ƙauyuka, a bar wasu don a ga bambanci. Wai kada a ce an yi son kai, ƙuri'a ake jefawa a bainar jama'a.

Shekarar da muka kawo maganin kare yara daga zazzaɓin damina, mun tara masu unguwanni a Funtua, muka zuba ƙwallaye farare da jajaye a ƙwarya, aka rufe da zane. Ni ce mai fassara, ina ta rawar kai da sabon mayafi. Wani dattijo daga wani ƙauye bayan Maska, mai tsokana da ke kirana 'yar boko, ya yi bismilla ya zura hannu. Ja ya fito, wato ƙauyensu ba ya cikin masu samun magani. Na ce masa kada ya damu, in bincike ya ƙare su ma za a ba su.

Binciken ya ƙare, masu ba da tallafi suka juya akala zuwa wata ƙasa, ni ma aiki ya ɗauke ni waje. Can muna ta nuna sakamako, ana tafa mana. Wallahi maganin ya yi aiki, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Da na zo hutu, dattijon ya samo ni har gida. Duk ya zube. Ashe tun daminar nan, duk yaron da aka binne, sai a ce hannun mai unguwa ne. Mata sun daina kai masa jarirai ya sa albarka.

"'Yata, zo ki faɗa musu ba ni ba ne."

Na je. Bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na yi bayani har muryata ta dishe: ƙuri'a ce, tsarinmu ne, in akwai laifi namu ne. Suka saurara da ladabi. Sai wani magidanci da ya rasa 'yarsa ya ce a hankali, "Mun ji, Hajiya. Amma ai mai unguwar ƙauyen gabanmu ma hannu ya sa, fari ya fito."

Kafin kaka dattijon ya ajiye unguwar, ya koma gidan ƙanensa a Malumfashi, kuma can aka yi masa sutura.