Ranar da Wa-ya-faɗa Ta So a Ce Gaskiya Ne

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Wa-ya-faɗa, sunan kuma ya bi ta har gida. Teburinta yana can ƙuryar laburaren kwalejin, tsakanin kantar mujallu da wata taga da ba ta rufuwa sai an doke ta da tafin hannu. Duk mai aikin bincike sai ya bi ta gabanta. Za ta zame tabarau zuwa karan hanci, ta ɗora yatsa a kan layi guda, ta ce, "Wannan wa ya faɗa?"

In ka ce a intanet ka gani, ka ja wa kanka. "Intanet ba mutum ba ne, ɗana, titi ne. A titin, bakin wa ka ji?"

Tana budurwa ta shiga aikin, lokacin da ake neman littafi da kati a cikin durowa. A zamanin nan ƙarya ma sai ta sha wahala kafin ta iso laburare, sai ta nemi maɗaba'a da mota. Yanzu kuwa a aljihun kowa take kwana. Haka ta tsufa a kan kujera ɗaya tana koya wa yara abu ɗaya: a duba marubucin, a ga ko yana da abin da zai ci in an yarda da shi, a buɗe madogarar da ya ambata a gani ko da gaske ta faɗi abin da ya ce ta faɗa. Su gyaɗa kai, su ce "To, Mama," su fita su kwafo shafin farko da ya fito musu. Shekara ta zagayo a kawo mata wasu sababbi. Sai ka ce mai ɗibar ruwa da kwando.

A gida ma ba ta tsira ba. Akwai zauren dangi a waya, inda kullum safiya sai an wayi gari da sabon abin al'ajabi: yau ganyen kaza yana narkar da ciwon daji, gobe wani farfesa marar suna ya gano cewa ruwan sanyi ne ke kawo hawan jini. Da farko takan zauna ta rubuta doguwar amsa, har da inda za a duba. Ba mai karantawa. Ta rage zuwa "Ba gaskiya ba ne." Daga baya ta kame bakinta sai an tambaye ta, don dangin miji sun fara cewa ita dai ba ta da aiki sai kashe wa mutane jiki. Abin ya yi mata zafi, ba ta dai nuna ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa gajiya da tambayarta ba, shi ne maigidanta. Direban babbar motar kwalejin ne har ya yi ritaya, a motar ma suka fara gaisawa. Mutum ne mai barkwanci, mai saurin yarda. In ka ce masa an ga kifi a kan bishiya, sai ya ce "Ikon Allah!" kafin ya ce a ina. Amma ya san halinsa, ba ya kuma jin kunyarsa. "Ni kunne aka ba ni, ke aka ba ki ido," in ji shi. Duk abin da aka turo masa sai ya miƙa mata wayar. "Malama, auna mana wannan." In ta ce ƙarya ce, ya yi dariya ya goge, ya ce, "Kash, da ta yi daɗi kuwa." Tun da suke bai taɓa musa mata hukunci ba.

Sai ƙoda ta kwantar da shi.

Wanda bai taɓa zama a ɗakin wankin ƙoda ba, ba zai gane irin gajiyar ba. Kujeru a jere, kowa da injinsa a gefe yana ƙugi, jini yana fita ta wannan roba yana dawowa ta waccan. Warin maganin goge ƙasa, da talabijin a bango wanda aka kashe wa sauti. Takan kawo shi da safe, ta zauna a benci har a gama, ta mayar da shi gida, sannan ta wuce aiki. Yakan fito kamar tsumman da aka matse. Ruwan sha ma aune ake ba shi, mutumin da da yake shanye jug guda a tsaye. Barkwancin ya ragu, ya ragu, har wata rana a hanyar gida ya ce mata, ba tare da ya dube ta ba, "Malama, na gaji." Ita ma ta gaji.

Ana cikin haka ƙaninsa ya zo da rana tsaka, ko zama bai gama yi ba ya zaro takardu daga ambulan.

"Yaya, wannan karon ba bidiyo ba ne kawai," ya ce da ita. "Na san halinki, shi ya sa na bugo takardar masana sukutum. Ga lambobi, ga zane, ga sunan mujalla."

Wani asibiti ne a wata ƙasa, wai suna da allurar da ke farfaɗo da ƙodar da ta mutu. Sharaɗinsu ɗaya: a daina wanki muddin ana karɓar allurar. Ƙanin ya ce dangi sun yarda za su ɗauki nauyin tafiyar, amincewar mai jiki kawai ake jira.

Maigidan ya karɓi takardun ya jujjuya su, ya shafa su kamar mai taya yadi. Ta ga wani haske a idonsa da ta daɗe ba ta gani ba. Sannan ya miƙa mata.

"In Malama ta ce da gaske ne, na tafi. In ta ce a'a, ina nan."

Ƙanin ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ke dai, Yaya, don Allah kar ki yi mana halin naki."

Washegari ta shimfiɗa maƙalar a teburinta. Kai, ta yi kyau! An tsara ta tsaf, da jerin manazarta a ƙarshe har shafi biyu. Ta karanta daga farko har ƙarshe ba ta ɗora yatsa a ko'ina ba, hannunta yana kan cinya. Ita da kanta ta san dalili. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Amma hali zanen dutse ne. Bayan azahar ta jawo kwamfuta.

Sunan farko a kan maƙalar, da ta bi shi, sai ga shi shi ne mai asibitin. Ta ce a ranta, to, ai likita yana iya rubuta abin da ya gani. Ta duba ranar da mujallar ta karɓi aikin da ranar da ta amince da shi, duk a mako guda. Wane masani ne zai tantance aikin ƙoda kamar mai duba tumatir? Ta koma kan marasa lafiyar da aka gwada. Ba su kai su cika ƙaramar mota ba, ba a kuma kwatanta su da kowa ba. Can ƙasan wani jadawali, da ƙananan haruffa, aka ce an cire waɗanda ba su kammala ba daga lissafi. Ba a ce me ya hana su kammalawa ba. Ta daɗe tana kallon wannan layin. Mutanen nan suna da mata, suna da ƙanne.

Duk da haka ba ta saki ba. Ranar, matar da ta ƙare rayuwarta tana tuhuma ta koma lauyan mai laifi. Ta ce ai manyan mujallu ma suna kuskure, ta sha ganin an janye maƙala bayan an gama yi mata kirari. Ta ce wataƙila ƙaramin mai bincike ne da manya suka rufe wa ƙofa. Duk gaskiya ne, ana yi. Don haka ta shiga neman ko mutum ɗaya a duniya, wanda ba ya cin abinci a asibitin, da ya maimaita gwajin ya ga abin da suka gani. Ta nema a duk rumbun da kwalejin ke da izinin shiga. Babu. Masu ambaton maƙalar duk mai asibitin ne da yaransa. Ta ciro ɗaya daga cikin manazartan da ya jingina da su, ta karanta, sai ta tarar a kan ɓeraye aka yi aikin, marubutan ma sun yi kashedin kada a gwada a jikin mutum tukuna. Adireshin mujallar kuwa, da ta sa shi a taswira, shagon sayar da rigunan waya ya nuna mata.

Wata ɗaliba ta zo da aikinta tana rarraba ido, tana jiran a tambaye ta wa ya faɗa. Matar ta sa mata hannu kawai ta ce ta je. Yarinyar ta fita tana waiwaye.

A wanki na gaba ta tare likitan a baranda ta nuna masa maƙalar. Shi ma a gajiye yake. Ya duba shafin farko, ya dube ta, ya ce, "Mama, ba ni da abin da zan ba shi wanda ya fi injin nan. Amma in ya bar wanki, ruwa zai cika masa ƙirji. Kar ya bari."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, maigidan ya fara warwarewa. Ba ƙodar ba, shi. Ya sa an kira mai aski. Ya cinye abincinsa marar gishiri ba tare da mita ba. Ya tsokani ma'aikaciyar jinya, ya ce ta fara neman wanda zai gaji kujerarsa. Har ya sa aka sauko masa da jakar tafiya daga kan kabad. Duk yamma sai ya ce, "Malama, ya awo?" Ita kuma ta ce, "Ban gama ba." Ƙarya ce, ta gama tun ranar farko. Ta yi tunanin ta ci gaba da cewa ba ta gama ba har illa ma sha Allahu. Amma ƙanin yana bugo waya safe da yamma, wai asibitin sun ce gurbi ya kusa cika. Ta san in ta ƙara yin shiru, shirun nata za a ɗauka a matsayin e.

Ran nan ta dawo daga aiki da la'asar, ta same shi a falo ya miƙe ƙafafunsa da suka kumbura a kan ƙaramin tebur. Ko mayafi ba ta cire ba, ta zauna a gefensa.

"Baban yara, na gama."

Ya dubi fuskarta. Shekarun da suka yi tare sun isa ya karanta ta ba tabarau.

"Faɗa dai in ji da kunnena."

"Ba gaskiya ba ne. Mai asibitin ne ya rubuta wa kansa shaida. Ba wanda ya duba masa, ba wanda ya maimaita. Waɗanda abin bai yi wa kyau ba kuma ya share su daga lissafi."

"Babu ko ɗan wani abu a ciki? Ko kaɗan?"

"Na nema. Wallahi na nema kamar in tona ƙasa. Babu."

A waje wani yana ta fama da babur da ya ƙi tashi.

"Da kin ce mini e, da na tafi."

"Na sani."

"Da kuma ban dawo ba."

Can ta ce, "Ka ji haushina."

"Na ji," ya ce. "Ƙwarai kuwa. Ki bar ni in ji abina, zuwa gobe zai wuce. Ƙanina kuma ki bar ni da shi, ni zan kira shi. Ba zan bari su ɗora miki ba." Ya ja dogon numfashi. "Gobe da wanki ko?"

"Da wanki."

"To je ki kwance jakar."

Ta shiga ɗaki ta jawo jakar zuwa bakin gado. Ya ninke kayansa irin ninkin direba, kowace riga a naɗe kamar tabarma. Ta rinƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa kabad. Da ta kai ƙasa sai ta tsaya. Zannuwanta ne guda biyu, da man da take shafa wa gwiwa, da tsohuwar rigar sanyinta mai maɓalli. Ashe jakar mutum biyu ya haɗa. Ko tambayarta bai yi ba, don bai taɓa kawo wa ransa zai je ko'ina ba tare da ita ba.

Ta zauna a ƙasa da rigar a hannu, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, a hankali, don kar ya ji.

Daga falo ya ɗaga murya, muryar a dushe.

"Malama! Rigar sanyin nan ki bar ta a waje, ki tafi da ita gobe. Ɗakin wankin nan da sanyi. Kullum ina ganinki a bencin kina rawar ɗari, ba kya dai faɗa."