Man da uwa take shafa wa 'yarta

Shekarar da aka ba ni darasin kiwon lafiya a wata ƙaramar lakwal, wato makaranta, a unguwar Nombakélé, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Da Faransanci nake koyarwa, amma kusan rabin 'yan matan ajin 'ya'yan Hausawa ne, nan Libreville aka haife su kamar ni. Idan raina ya ɓaci sai Hausa ta kufce mini.

Ranar muna magana kan abubuwan da ke juya lafiyar mutum: gida, ƙawaye, waya. Da na zo kan man bilicin sai na hau faɗa. Na ce yana cinye fata, yana sa ciwo ya ƙi warkewa. Da a nan na tsaya, da ban yi laifi ba. Amma bakina bai san birki ba. Na ce duk uwar da ta bar 'yarta tana shafa shi ba ta da imani.

Aka kwashe da dariya, kawuna suka juya layin baya. Wata yarinya ce a can, shekarunta sha huɗu, mai shiru-shiru. Fuskarta jawur, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin. Sai a lokacin na lura, kunya ta rufe ni.

Na ce kowa ta rubuta buri ɗaya na lafiyarta. Wata ta ce za ta rage lemon kwalba, wata ta ce za ta daina tsallake karin kumallo. Ita kuwa farar takarda ta miƙo mini. Da aka tashi na tsayar da ita.

"Madam, ina so in bari," ta ce. "Bayana duk ƙaiƙayi yake. Amma Inna ce ke shafa mini da hannunta kowace safiya kafin ta tafi kasuwa. Lokacin ne kaɗai take zama da ni. In na ce ba na so, shi ke nan."

Babu wannan a littafin da nake koyarwa da shi.

Ranar Asabar na je kasuwar Mont-Bouët, na iske uwar a rumfarta ta atamfofi, 'yar Maraɗi ce. Labarin abin da na faɗa ya riga ni isa.

"Ke ce kika ce ba ni da imani?"

"Ni ce, Hajiya. Na yi kuskure, ki yafe mini."

Ta turo mini kujera. "Malama, tun ina ƙarama baƙa ake ce mani, ko sunana ba a kira. Ɗiyata nike kiyaye ma wannan. Mi ne ne laifina?"

Ban yi mata wa'azi ba. Na roƙe ta ta duba bayan yarinyar da rana tsaka, ta kai ta wajen likitan fata, kuma kada ta daina zaman nan na safe. Man kaɗanya ma hannu yake buƙata. Bayan 'yan kwanaki ta daina shafa mata man bilicin.

Watanni uku masu wuya suka biyo baya. Fatar yarinyar ta yi dabbare-dabbare, 'yan aji suka samu abin tsokana, ni kuma na zama 'yar sanda. Sau biyu ta ce mini ta gaji, za ta koma.

Gab da hutu uwar ta zo ɗaukar sakamako da kanta. Muna tsaye a baranda, yarinyar ta fito tana dariya da ƙawarta, baƙa sumul. Sai na ga Hajiya ta ja bakin mayafi ta rufe bakinta, hawaye na zuba. Na ɗauka baƙin ciki ne.

"Malama," ta ce, "uwata ce sak. Shekara ashirin da rasuwarta, ko hotonta ba ni da shi. Ashe hannuna ne ke goge ta kowace sahiya."