Motar da Muke Tuƙawa Mu Biyu

Wata safiya a farkon damina, shekarar da na gama aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ina tsakar gidanmu a Dakoro ina taya Inna surfen gero, sai Baba ya leƙo daga zaure ya ce in wanke hannu in zo. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ta ƙamshi, awaki sun lafe a jikin katanga suna jiran rana. Na ɗauka aikena zai yi sayen goro. Da na fita sai na tarar da shi zaune cikin motarsa a ƙarƙashin bedin ƙofar gida, itacen nan da wasu ke kira darbejiya, ya buɗe mini ɗaya ƙofar, ya ce in shigo in matso tsakiya. Ya kama hannuna da hannunsa na hagu ya ɗora a kan sandar bitas, wato sandar nan da ake sauya gudun mota da ita. Kanta baƙi ne sumul, tafin hannunsa ya goge lambobin da ke jiki tun kafin a haife ni. Ya ce, "Rakiya, daga yau nan ne wurin zamanki." Ban gane ba, amma na ga bai yi dariya ba, ni ma sai na haɗiye tawa.

Babana Illa shofer ne, kuma duk Dakoro da haka aka san shi. Motarsa tsohuwar bashe ce fara mai buɗaɗɗen baya, da ita yake kai mutane da buhuna da tumaki kasuwannin Korahan da Azagor da ƙauyukan da ke tsakani. Batirinta ya daɗe da gajiya, saboda haka kullum a kan ɗan gangare yake kwantar da ita, da safe mu yaran unguwa mu taru mu tura. Ba mu da wasan da ya kai wannan daɗi. Mu bar carafke, maza su bar langa, mu dafa bayanta muna nishi kamar da gaske, sai ta yi tari, ta yi girgiza, ta watso mana baƙin hayaƙi, mu kuwa mu bi ta da shewa har bakin titi. Baba yana son motar nan son da har Inna takan yi masa tsiya, ta ce da mota tana cin tuwo da ita za a fara zuba wa. Shi kuwa abin da yakan ce shi ne, "Mota tana magana, masu tuƙin ne ba su saurare."

Da rani na shekarar nan ne abin ya same shi. Ana loda wani bijimi a kasuwar dabbobi, ya naɗe igiyar a hannunsa na dama don ya taimaka, bijimin ya firgita ya fizge. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, likita ma ya duba, ƙashi ya haɗe, amma yatsun suka ƙi dunƙulewa. Yana iya dafa abu da hannun, ba ya iya kamawa. A wajen mai tuƙi kuwa hannun dama shi ne na bitas. Motar ta yi watanni a gindin bedi, kaji suna kwana ƙarƙashinta, shi yana zaune a zaure yana kallon ta. Ni yarinya ce, amma na san gidanmu ya canja. Baba mai yawan ba'a ya koma ba ya gama ko kwanon furarsa, kuma in ya ji ƙarar wata mota ta wuce sai ya bi ta da kunne har sai ta ɓace.

Yayansa, Baffa Tanko, shi ne babba a gidan, kuma maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Ya ce abin da ya dace shi ne a miƙa motar ga Sale, yaron motar Baba, shi kuma Baba ya zauna a tasha yana tara fasinja. Ba da mugunta ya faɗa ba, tsoro yake kada ƙanensa ya kifar da mutane a daji. Baba ya roƙi a ba shi zuwa tsakiyar damina. Ya fara gwadawa da Sale, shi yana taka ambarayaj da ƙafa, wato abin da ake takawa kafin a sauya gudu, Sale yana sa bitas, amma abin bai yiwu ba. Sale ya riga ya iya tuƙi, yana da nasa ra'ayin, sai ya tura sandar kafin Baba ya taka, motar ta yi wani kuka mai tayar da tsikar jiki. Baba ya ce gara ya nemi wanda bai san komai ba. A gidanmu kuwa ba wanda ya kai ni rashin sanin komai, ga kuma rawar kai, shi ya sa aka kira ni daga bakin turmi.

A wani fili bayan gari muka yi karatun, inda samari ke buga ƙwallo da yamma. Da hannu biyu nake kama sandar saboda tauri. Ya nuna mini gidan kowace bitas, ta ɗaya a sama, ta biyu a ƙasa, ta uku sai an ɗan karkata, ya ce kada in taɓa yi mata dole, in ta ƙi shiga to akwai dalili. In ya taka sai ya ce "yanzu", ni kuma in tura. Na sa ta huɗu a maimakon ta biyu ban san iyaka ba, motar ta mutu, mu zauna muna jiran masu wucewa su tura mu. Bai taɓa yi mini tsawa ba. Sai dai ya sa in rufe ido, ya ce in gaya masa abin da injin ke cewa. Da farko ƙara kawai nake ji. A hankali na fara rarrabewa, akwai lokacin da muryarta ke yin sama tana neman a ƙara mata, akwai lokacin da take yin ƙasa-ƙasa kamar jakin da aka yi wa kaya da yawa. Ranar da na fara faɗa daidai, Baba ya ci tuwonsa har ya nemi ƙari.

Inna ba ta so ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce ɗiya mace tana warin man gazuwal, zanenta duk baƙin mai, ga ɗiban ruwa da tsinkar rama a gona sun koma kan ƙanwata. Ƙawayena suka sa mini suna Rakiya Shofer, in muna gaɗa a dandali sai wata ta yi ƙarar mota da baki, duk su fashe da dariya. Na yi kuka sau ɗaya, daga baya na ga sunan ya yi mini kyau na karɓe shi. Inna ma bakinta ne kawai, don ita ce ta ɗinka mini ɗan matashi da tsummoki saboda in riƙa hango hanya.

Da damina ta yi tsaka, Baffa Tanko ya ce zai bi mu kasuwar Azagor ya gani da idonsa. Kowa ya san ma'anar tafiyar: in motar ta maƙale ko ta yi wani abu, daga ranar Sale ne shofer. Aka cika baya da buhunan gero da mutane, Baffa ya zauna bakin ƙofa da carbinsa, ni a tsakiya. Gonaki suka ƙare, muka shiga ƙasar makiyaya, ciyawa kore shar, shanu masu dogayen ƙaho suna ɗaga kai suna kallon mu. Komai yana tafiya daidai har muka iso wani dogon tudun yashi da duk masu mota ke shakka. A irin wannan wuri, in aka makara wajen komawa ta biyu, tayoyi sun nutse ke nan, sai a sauke kowa a yi ta haƙa. Muka hau da ta uku. Yashin yana fizgar motar hagu da dama, Baba yana kokawa da bolan, wato sitiyari, da hannu guda, ya dafe shi da guiwar ɗaya hannun, ya cije leɓe, gumi yana zuba. Na ji muryar injin ta fara yin ƙasa. Na jira ya ce "yanzu", bai ce ba, hankalinsa duk yana kan hanya. Sai na ga guiwarsa ta hagu ta motsa. Ban san lokacin da na jawo sandar ba. Ta shige ta biyu ba ko ƙara, motar ta yi gurnani ta ci gaba da hawa har muka kai bisa.

 Sai da muka isa kasuwa aka sauke kaya, Baffa ya ɓace cikin mutane, ya dawo da cuku a hannu, irin busasshen nan da matan makiyaya ke sayarwa, ya miƙo mini. Ya dubi Baba ya ce, "Illa, motar ga ta mutum biyu ce. Ku tahi da ita." Baba ya juya baya yana duba taya wadda ba abin da ya same ta. Daga ranar bai ƙara ce mini "yanzu" ba, kuma ban ƙara bukata ba.

Haka muka yi shekaru. Ranakun lakwal yakan yi gajerun hanyoyi masu tauri shi kaɗai, ya dafe bolan da hannun dama ya miƙo na hagu ya sa bitas a hankali. Hanyoyin yashi kuwa sai ranar da ba karatu da lokacin hutu. A cikin motar nan na koyi sunayen itatuwa da rijiyoyi, na koyi gaisuwar Fulatanci, na ji labarin ƙuruciyarsa da bai taɓa ba kowa a gida ba. Wani lokaci kuma mu yi tafiya mai nisa ba wanda ya ce uffan, ƙafarsa da hannuna suna aikinsu. Ban taɓa jin kusanci da wani mutum kamar yadda na ji a wannan shirun ba.

Da na samu gurbin karatun aikin jinya a Maraɗi, na ce ba za ni ba, don na san abin da tafiyata za ta jawo. Baba ya ɓata rai irin wanda ban taɓa gani ba, ya ce ba don in ƙare a tsakiyar kujera ya sa ni lakwal ba. Shi da kansa ya kai ni, ni ina sa bitas, Sale yana baya tare da akwatina. Da muka sauke kaya a ƙofar makaranta, ya yi mini addu'a, ya zagaya ya buɗe ƙofar fasinja ya zauna, Sale ya shiga wajen bolan. Ina tsaye har suka sha kwana. Tun daga ranar bai sake tuƙi ba, kuma bai taɓa cewa saboda ni ne ba.

Yanzu ina aiki a Maraɗi, ina da iyali. Maigidana da abokansa in sun haɗu shan shayi ba su da gardamar da ta wuce ta mota, wasu su ce mai bitas ita ce mota don kai ke ba ta umurni, wasu su ce otomatik, mai sauya gudu da kanta, ta hutar da ƙafa a cunkoso. Nakan ji su in yi murmushi, don rabinsu ba su taɓa hawa tudun yashi da buhunan gero a baya ba. Amma da na tashi sayen tawa, otomatik na saya, kuma ba don kaina ba. Tunanina shi ne ga motar da mai hannu ɗaya zai tuƙa ba tare da ya nemi kowa ba. Na ƙudura zan mayar wa Baba abin da tafiyata ta raba shi da shi.

Da Babbar Salla na kai ta Dakoro. Baba ya tsufa, gemu ya yi fari fat, amma da na miƙa masa makulli sai da idonsa ya yi haske. Ya zauna, ya leƙa ƙasa yana neman abin takawa na uku, ya tambaye ni ina suka kai shi. Ba mu yi nisa ba ƙafarsa ta hagu ta tashi da kanta neman ambarayaj ta sauka a kan birki, muka yi gaba kamar za mu fasa gilashi, ya yi dariya har da hawaye. Bayan nan sai tuƙi ya dawo masa. Ya ratsa kasuwa yana ɗaga wa tsofaffin abokansa hannu, ya kama hanyar Korahan, motar tana sauya gudunta da kanta, lafiya lau. Ni ina gefe, na ɗora hannuwana a cinya, ina jin daɗi ya cika ni, ina cewa a raina yau na biya.

Can sai na lura ya daina murmushi. Ya rage gudu, ya tsaya a inuwar wani gawo, ya daɗe yana kallon hanya. Na tambaye shi ko wani abu ne bai yi masa ba. Ya ce a'a, mota ce mai kyau, Allah ya sa albarka. Sannan ya juyo ya dubi hannuwana. "To ke, ɗiyata, mi za ki yi cikinta?" Na ce ba komai, Baba, zama kawai zan yi, ai daɗinta ke nan, ba ta bukatar kowa. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Shi na gani."

Ya kashe ta, ya zare makullin ya sa mini a tafin hannu, ya ce in mayar da mu gida. Shekara da shekaru ina zaton tuƙi ne Baba ya yi kewa, sai a gindin gawon nan na gane ni ce.