Tafiyar Zabo a Gidan Surukina

Ko an ce in manta da ranar da na je Kurni ɗauko matata, bayan ta gama wankan jegon ɗanmu na fari, ba zan iya ba.

A lokacin ina aiki a wani gidan rediyo a Matamaye, ina haɗa shiri kan dinozor, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam, waɗanda ake tono ƙasusuwansu a hamadar Agadas. Wani malamin kimiyya ya gaya mini tsuntsaye jikokinsu ne, kuma shaidar tana ƙafa. Ya ce gaɓar da ke lanƙwashewa baya a ƙafar kaza, wadda muke kira gwiwa, idon sawu ce. Gwiwar gaskiya tana ɓoye cikin gashi kusa da jiki, tsuntsu kuwa a kan yatsu yake tafiya. Na ji, amma ban gane yadda zan faɗa wa mai sauraro ba.

Da na isa, aka sauke ni a ɗakin baƙi, aka kawo mini dafaffen zabo har da ƙafafuwa, aka ja ƙofa, tunda suruki ba ya ci a gaban mutane. Na cinye, na jera ƙasusuwan a kan tabarma: cinya, ƙwauri, dogon ƙashin sawu, yatsu. Sai na ga sai na gwada da jikina. Na tashi, na ɗage diddige, na sunkuya, na maƙale hannuwa a ƙirji, na shiga zagaya tabarmar ina miƙa wuya. Ban ji sallama ba. Ina juyowa na ga surukina a bakin ƙofa, dattijon da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ya dubi ƙasusuwan, ya dube ni, ya fita.

Can sai ga matata, murya ƙasa-ƙasa. "Maigida, me ka yi? Baba ya ce ya tarar kana duba da ƙashi, abin har ya hau kanka. Ya ce jikansa ba zai je gidan bori ba."

Na so ƙasa ta tsage. Amma in na yi shiru, ni kaɗai zan koma Matamaye. Na roƙi yayanta ya kamo mini kaza, na je na durƙusa gaban dattijon. Na yi bayani, na buɗe gashin kazar, na ce, "Baba, a taɓa nan."

Ya laluba, ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙar.

"To, Malam, gwiwar na gani," in ji shi. "Tafiyar fa? Ita ma a rediyon ake jin ta?"

Daga bayan danga na ji mata sun fashe da dariya. Dattijon ya ce a haɗa wa matata kayanta.

Tun daga ranar na san cewa wanda ya tsaya a bakin ƙofa ba ya ganin abin da ke cikin kanka, abin da jikinka yake yi kawai yake gani. Bincike yana da wurinsa, kuma ɗakin baƙin suruki ba ya ciki.