Badaru da Indararon Gidan da Aka Kulle

Da an idar da sallar asuba, Baba Badaru zai saɓa igiya da ƙugiyar ƙarfe ya nufi Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Aikinsa ba irin wanda ake yi wa tafi ba ne. Rufin tsofaffin gidaje yake hawa, yana fitar da sheƙar tattabaru da tarkace daga indararo. Da dutsen teku aka gina gidajen nan, ruwan Jidda kuma ba ya sallama. Sai a shekara ba a ga ɗigo ba, amma ranar da ya sauko, in ya kwanta a rufi, bango ya jiƙa ya zube.

Akwai wani dogon gida mai tagogin katako da magada suka bari suka koma sabuwar unguwar Safa. An hana rushe shi, amma ba wanda zai hana shi faɗuwa da kansa. Mazen, babban magajin, ya san haka sarai, kuma filin yake so ya sayar. Sai ya datse ƙofa da kwado, ya koma yana jiran hadari.

Mastura mai sayar da gyaɗa a lungun ita ta ga sauran. Ta ce tsohon ya tsaya ya dubi kwadon, ya ari tsani, ya bi ta rufin maƙwabta ya tsallaka, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa. Yana saukowa ya tarar da Mazen a ƙasa, ya cika fam.

"Ya ammi, halas mana! Baffa, ya isa haka! Gidan ubanka ne?"

"Gidan naka ne, ɗana," in ji Badaru. "Amma kakana, daga zuwa Hajji, shi ya yi dakon duwatsun nan a ka daga bakin teku. In rushewa kake so, kawo gatari ka sare shi da rana, kowa na gani. Ni dai ba zan bari ka ɗora wa ruwan Allah ba."

Mazen ya yi barazanar kiran 'yan sanda. Washegari Badaru ya sake hawa.

Da ruwan ya zo, gidan da ke bayan na Mazen ya zauna ƙasa. Wannan kuwa yana tsaye har masu gyaran tsofaffin gidaje suka iso. Yau baƙi na ɗaukar hoto a ƙofarsa, ba wanda ya san sunan Badaru, kuma abin yana min ciwo.

Kai ne ka tsaya inda masu gidan suka juya baya, Badaru ƙi-gudu. Bana gwiwa ta ajiye ka, ko matakalar masallaci sai an riƙe ka. Mun gode, Allah Ya saka maka da gidan Aljanna. Ku kuma samarinmu, akwai gidajen da har yanzu masu su ke jiran hadari. Tsohon ba zai ƙara hawa ba. Wa zai hau?