Yaron da Ya Bi Jakuna Neman Baƙi

Na daɗe ina koyar da yara, fuskoki da yawa sun ɓace mini, amma akwai wata rana ta damina da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ina saurayi, sabon malami a wata makarantar elementare a cikin birni. Turawa ba su daɗe da zuwa ba, jirgin ƙasa ma bai daina zama abin kallo ba, kuma yawancin iyaye ba sa ƙaunar su ji an ambaci boko. Ajin ƙanana aka ba ni. A ƙasa muke fara rubutu, kowane yaro ya share gabansa ya zana baƙi da yatsa, sai hannunsa ya faɗa sannan a ba shi allo da alli.

A cikinsu akwai wani ɗan siririn yaro daga unguwar Zaitawa, shi ne ƙarami a ajin. Mahaifinsa Bafulatani ne mai fataucin shanu, kuma yaron nan shi kaɗai ne ya rayu cikin 'ya'yansa. Sai da mai unguwa ya yi ta lallashinsa kafin ya yarda ya kawo shi. A makarantar allo an ce yaron yana da kai, amma a wurina abin ya ƙi. Daga dama yake farawa kamar yadda ya saba, baƙaƙensa duk su juya baya. In sauran suka yi dariya ba ya cewa komai, sai ya shafe da tafin hannu ya sunkuyar da kai.

Wata rana, bayan an raba wa kowa allo da alli, na ce musu, "Baƙaƙen nan ba a aji kaɗai suke zaune ba. Suna nan cikin gari. Kowa ya nemo mini ko da guda ne." Washegari wani ya zo da kwalin ashana, wani da murfin gwangwani. Shi kuwa ya zo hannu rabbana, domin gidansu ba a sayen kayan kanti.

Ya ce, "Malam, na duba har ɗakin Inna, babu."

Na shafa kansa na ce, "Ci gaba da dubawa, za ka samu." Na faɗa ne kawai don in kwantar masa da hankali, kafin a tashi ma na manta.

Bayan la'asar ina zaune a zaure, sai ga mahaifinsa ya yi sallama. Ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba ya ce, "Malam, yaron yana wurinka?"

Na ce, "Ai tun kafin azahar muka sallame su."

Ya ce, "Bai iso gida ba."

Wanda bai san birni da damina ba ba zai gane abin da na ji ba. An kwana ana ruwa, kududdufai duk sun cika sun batse, wasu har sun cinye hanya, kuma babu shekarar da ba sa cin yaro. Muka bi gidajen 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya gan shi ya rabu da su a bakin kududdufin da ke kan hanyarsu. Kafin ka ce me, unguwa ta taru a wurin. Samari suka tuɓe suka shiga ruwa, wasu suna laluben ƙasa da dogayen gora. Daga cikin gida ana jiyo kukan mahaifiyarsa. Uban kuwa yana tsaye a bakin ruwa, bai yi kuka ba, bai kuma dube ni ba, leɓɓansa kawai ke motsi. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Duk sanda gora ta taɓa wani abu a ƙasan ruwa sai in kawar da kai. Ina kuma jin wasu dattawa a bayana suna cewa ga irin abin da suke gudu ke nan, a raba yaro da gida a kai shi boko.

Muna cikin haka sai ga wata tsohuwa mai fura ta dawo daga talla, ta tsaya tana tambayar me ya faru. Da aka gaya mata sai ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Wani farin yaro, siriri, da allo a hammata? Ai na gan shi. Yana bin jakunan fatake, sun yi wajen Ƙofar Ruwa. Na ɗauka ɗansu ne."

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Ni da uban muka bi lungu-lungu cikin taɓo, takalmina ɗaya ya maƙale ban tsaya ɗauka ba. Tsorona kada a ce sun riga sun fita daga gari sun yi nisa.

A gindin ganuwa muka tarar da su, sun sauke kaya suna ba jakuna ruwa. Ga yaron nan durƙushe gaban wani akwatin katako, irin waɗanda jirgi ke kawowa, ya manna ido a jikinsa, allo a cinyarsa. Madugun ya taso ya ce, "Naku ne? Alhamdu lillahi. Sai a nan muka lura da shi. Mun tambaye shi gidansu ya kasa kwatantawa, shi ya sa muka ƙi tafiya, muka ce dole wani zai biyo sawu."

Uban ya sungume shi, ya duba kansa, ya duba ƙafafunsa, sannan ya zauna daɓas a cikin taɓo da babbar rigarsa. A nan ne ya fashe da kuka. Ni ma na juya na fuskanci ganuwa, don kada ɗalibina ya ga hawayena.

Yaron bai ma san an shiga tashin hankali ba. Ya zame daga hannun ubansa ya miƙo mini allo ya ce, "Malam, na samo! Jakin ne ya ƙi tsayawa, sai da na biyo shi."

Baƙaƙe huɗu ne manya, ya kwafe su daga jikin akwatin, kowanne ya fuskanci inda ya kamata, kuma daga hagu ya fara. Na ce, "To, haɗa mini."

Ya ɗora yatsa ya ce, "Ka... no." Ya sake, sai idonsa ya buɗe. "Kano! Baffa, garinmu ne! An rubuta garinmu a jikin akwati!"

Uban ya karɓi allon ya daɗe yana kallo, ko da yake bai san kansa ba bai san gindinsa ba. Ya ce, "Malam, haka ne?" Na ce haka ne. Sai ya saɓa yaron a kafaɗa muka juyo.

Duk hanya ina jiran ya ce daga yau an gama. Sai da muka zo ƙofar gidansa, mata suna ta guɗa a ciki, ya juyo ya ce, "Gobe zai zo. Amma Malam, in za ka sake aikensu neman wani abu, ka gaya musu inda za su tsaya."

Na yi dariya, irin wadda mutum ke yi in an sauke masa dutse daga ƙirji.

Tun daga ranar na san cewa maganar da malami ya yar ba tare da tunani ba, ƙaramin yaro ɗauka yake ya riƙe hannu bibbiyu, ya bi ta har inda ƙarfinsa ya ƙare. Na kuma daina yanke wa yaro mai shiru hukuncin cewa ba ya so. Sau da yawa shi ne ya fi kowa so, kuma saboda haka shi ya fi bukatar a sa masa ido.